Tiken ƙofa ko katin shekara: wanne ya fi wa mai kallon ƙwallo a Maraɗi?

Mai Lissafi: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Wasunmu na ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin garin nan, irin su Dankasawa da Jangorzo, za su riƙa sayar da katin shekara, mutum ya biya sau ɗaya ya kalli duk wasannin gida. Wasu kuma sun ce a bar mu da tiken ƙofa. Kafin a fara ja, ga lissafi a fili, kuma farashin da zan sa na misali ne don mu samu abin aunawa. In ƙungiya 14 ce a gasa, kowa ya je gidan kowa, wasa 13 ke nan a gida. Mu ce tike sefa 500 ne, dala ɗari. Sau 13 ya kama 6,500. In aka sa kati jika 5, wato sefa 5,000, wanda ya kalli duka 13 ya tsira da 1,500. Wanda ya kalli 10 ya tashi ba riba ba faɗuwa. Wanda ya kalli 8 kuwa kowane wasa ya tsaya masa a 625, ya fi mai sayen tike biya. Kowa ya ƙirga wasannin da ƙafarsa ke kai shi da gaske, kada ya ƙirga waɗanda ransa ke so.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka ma ya gama mana gardamar. Wa ke kallon 13 cif? Ka cire ranar biki, ranar suna, ranar jana'iza, ranar da aka aike ka Tasawa ko Dakwaro. Ka cire watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ka cire azumi in ya faɗo tsakiyar gasa. Mai son ƙwallo na ƙwarai in ya samu 8 ko 9 ya yi ƙoƙari. Kati jika 5 asara ce ga yawancin mutane.

Mai Lissafi: Alhaji, haka ne in duk wasannin kuɗinsu ɗaya. Amma ba haka ake yi ba. Ranar da manyan Yamai suka zo, irin su AS FAN ko Sahel ko AS Douanes, ko ranar da ƴan gari biyu suka haɗu, mai sayar da tike ba zai bar shi a farashin kullum ba. Mu ce wasa 3 irin waɗannan ana ninka su zuwa jika guda. Jimilla ta koma 10 sau 500 da 3 sau 1,000, wato 8,000. Yanzu mai kati in ya kalli manyan ukun nan ya ƙara da ƙanana 4, ya riga ya ci jika biyar ɗinsa. Wasa 7 ke nan, ba 10 ba. Mutumin da ka ce yana kallon 8 ko 9 ya shiga riba, tunda manyan wasannin su ne ba ya bari su wuce shi.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: Na ji wannan. Sai dai akwai abin da alƙalami ba ya nunawa. Jika 5 a hannun mai tebur ko mai turin kura jari ne. In yana juya ta tana kawo masa ko da sefa 250 a mako, cikin mako 30 ta haifi 7,500. Ka ce ya ɗauke ta ya ba kulob tun farkon kakar wasa don ya tsira da 1,500 ko 3,000? Sayen hatsi buhu-buhu ya fi sayen tiya-tiya araha, kowa ya sani, amma mai neman na yau da tiya zai ci gaba da awo. Shi ya sa mai hali ne kullum ke cin rangwame, marar hali ya biya cikakken farashi.

Ɗan Tibiri: Ku ƙara da wannan: tike rabin kuɗin kallo ne kawai. Mai zuwa daga Tibiri ko Madarunfa kuɗin mota ya fi na ƙofa. Ko a cikin gari, kabu-kabu zuwa da komowa da ruwan leda za su iya kai kuɗin tiken kansa. Kati ba ya rage wannan ko tamma. Ranar da ba kuɗin hanya, katin yana aljihu, wasan ya wuce.

Tsohon Ma'aji: Salamu alaikum. Duk kun kalli abin daga aljihun mai kallo, bari a kalle shi daga asusun kulob, don in kulob ya mutu ba tike ba kati. Nauyin kuɗi a farkon kakar wasa yake faɗowa: rajistar ƴan wasa da lasisinsu, riguna kala biyu, takalma, ƙwallaye, magani, kuɗin sa hannu. Sannan tafiye-tafiye. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, zuwa Arlit kuma ba a magana. Mota, mai, masauki da abincin mutum 25 ko fiye. Kuɗin ƙofa kuwa ɗigo-ɗigo yake zuwa, mako biyu-biyu, bayan an riga an ci bashi.

Ga misali. Mutum 400 sun sayi kati jika 5: miliyan 2 a hannu kafin a buga wasan farko. Mutum 400 ɗin nan in tike suke saye, kowa wasa 8 a sefa 500, abin da zai taru miliyan 1 da 600,000 ne, a warwatse cikin wata shida ko bakwai, kuma kafin ya isa asusu an cire na buga tike, na masu sayarwa, na masu tsaro. Saboda haka kulob yana iya sauke farashin kati ƙasa da jika 5 bai faɗi ba. A jika 4 ma ya samu daidai abin da ƙofa za ta ba shi, kuma ya same shi da wuri. Kuskuren da shugabanni ke yi shi ne su ninka farashin tike sau 13 su cire kaɗan. Abin da ya dace a ninka shi ne wasannin da mutum ke zuwa a zahiri, 7 ko 8.

Mai Lissafi: Baba Ma'aji, wannan ita ce maganar. A jika 4 ko wasa 8 na kullum sun fanshe katin, in da manyan ukun a ciki kuwa wasa 5 sun isa.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: In jika 4 ne to muna iya zama. Amma ranka ya daɗe, wa ya tabbatar mini za a buga 13 ɗin? Nan gizo ke saƙa. Ana ɗage wasa daga Lahadi zuwa Laraba, lokacin da kowa ke wurin nema. Baƙi kan kasa zuwa a ba mu maki uku a kan tebur, maki sun shigo amma ba abin da aka kalla. Ana iya hukunta ƙungiya ta buga ba ƴan kallo, ko a kai wasanta wani gari. Ana iya canza tsarin gasa a raba ta rukuni-rukuni, wasannin gida su ragu. Mai tike duk wannan bai shafe shi ba, ba wasa ba biya. Mai kati shi ke ɗauke da hasarar.

Tsohon Ma'aji: Gaskiya ka faɗa, Alhaji, kuma shi ya sa ba a sayar da kati da baki. Sharuɗɗa a bayan katin ake buga su, da Hausa da Faransanci. Na farko, adadin wasannin da aka saya. Na biyu, ko wasannin kofi suna ciki ko ba sa ciki, don nan rigima ta fi yawa. Na uku, abin da za a yi in wasa bai yiwu ba. Lissafinsa ba wuya: kati jika 4 a raba 13, kowane wasa ya kama sefa 308 ko kusa. In wasa 2 suka faɗi, mai kati yana bin 616. Mayar da tsabar kuɗi ga mutum 400 wahala ce, ga rashin canji. Abin da ya fi sauƙi a cire masa a katin baɗi, ko a ba shi tike biyu ya shigo da wanda yake so. Kuma kada a fara sayarwa sai jadawalin gasa ya fito daga FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar. Sayar da kati kafin a san ƙungiya nawa za su buga, sayar da abin da ba a auna ba ne.

Mai Bin Wasannin Turai: Barkanku. Tunda daga Turai aka ga abin, ya kamata a san me ya sa yake ci a can. A Ingila ƙungiya 20 ce, wasa 19 a gida, kuma tun watan Yuni ake fitar da jadawalin kakar gaba ɗaya. A Jamus 18 ce, wasa 17 a gida. Abin da mai kati ke saye a can ba rangwame kaɗai ba ne, wurin zama ne da ba ya samuwa. Filin Dortmund yana ɗaukar mutum 81,365, kuma kulob ɗin da kansa ya tsayar da katin shekara a 55,000 don a bar wa masu sayen tike wuri. Mutane na jiran layi shekara da shekaru. Mu a nan, ban da manyan wasanni, ba wanda ke tsoron ya zo ya rasa wuri. To in ba tsoron rasa wuri, me zai sa mutum ya biya tun da wuri?

Mai Tsaron Ƙofa: Inuwa, ƙanena. Wasan da aka take ƙarfe huɗu na yamma a bazara, wanda ke ƙarƙashin rumfa da wanda ke cikin rana ba kallo ɗaya suke yi ba. Abin da ke da ƙaranci a filinmu shi ne wurin zama mai inuwa. A ware wani ɓangare na rumfa a ce na masu kati ne, a ɗaura igiya, a sa mutum biyu. A ba su ƙofarsu daban don kada su shiga turmutsutsu. Wannan kaɗai zai sayar da kati fiye da rangwamen jika guda.

Amma bari in faɗi abin da ke kashe kati, don a ƙofa yake mutuwa. Na ɗaya, shigar alfarma. Wannan ɗan wane ne, wancan abokin ɗan wasa ne, wani ya zo da kaki, wani ya ce shi ɗan jarida ne ba takarda. Mutum ya biya jika 4 ya ga maƙwabcinsa na shiga kyauta kowane mako, baɗi ba zai saya ba. Na biyu, buɗe ƙofa bayan hutun rabin lokaci. In kowa ya san za a buɗe, sai a tsaya a waje a jira. In dole sai an buɗe saboda yara, a bari sai saura minti 10 ko 15. Na uku, tiken da ba a yaga ba. Mai karɓa ya amshi tike bai yaga ba, ya miƙa wa abokin cin mushensa ya koma waje ya sake sayarwa. Tike ɗaya ya shigar da mutum uku, kulob ya ga kuɗin mutum ɗaya.

Maganinsa sananne ne. Tike ya zama mai lamba kuma mai gindi, a yaga rabi a ba mai shi, rabi a jefa cikin akwati mai kwaɗo. Kowane wasa da kalar takardarsa. Mai sayarwa daban, mai yagawa daban, kada su zama ƴan gida ɗaya. Kafin a buɗe a rubuta lambar farko ta kowane littafi, bayan an tashi a rubuta ta ƙarshe, a ninka da farashi, a gwada da kuɗin da ke hannu da gindin da ke cikin akwati. In ukun nan ba su yi daidai ba, an san inda za a tambaya.

Uwar Ƴan Wasa: Sannunku da ƙoƙari. Yaya Mai Ƙofa, shi katin wane iri za a yi? Don in mai hoto ne, ni ban ga amfaninsa ga magidanci ba. Gida ɗaya akwai uba da samari uku. Yau uban ke da sarari, jibi babban ɗan. In katin na mai riƙe da shi ne, ba wasan da zai faɗi banza, kuma damuwar Alhaji ta biki da tafiya ta kau.

Mai Tsaron Ƙofa: Hajiya, ina bayanki. Hoto yana ƙara kuɗin bugawa, yana kuma jawo tsayuwa a ƙofa ana duba fuska. Abin da ake tsoro shi ne mutum ya shiga ya jefo katin ta kan katanga wani ya sake shiga da shi. Wannan ba hoto ke hana shi ba, alama ce. Hanya biyu ce. Ko kati mai gida 13 a gefe, kowane wasa a huda gida ɗaya da abin huda takarda. Ko ɗan littafi mai shafi 13, kowane wasa a yage ɗaya. Littafin ya fi, saboda shafin da aka yaga yana shiga akwati a ƙirga shi tare da sauran. Katin da aka liƙe da roba kuwa yana wahalar hudawa, in an huda zufa da ruwa su shiga ta ramin, kafin rabin kakar wasa rubutun ya goge. Abu ɗaya kuma: a buga lamba a shafukan, 1 zuwa 13, kada a buga kwanan wata ko sunan abokin karawa. Da an ɗage wasa ɗaya duk kwanakin sun rikice. Sai a sanar a rediyo da allon ƙofa cewa yau shafi na 6 ne.

Tsohon Ma'aji: Ƙirga shafukan nan yana da wani amfani. In akwai yarjejeniyar kaso tsakanin kulob da masu kula da fili a kan kuɗin ƙofa, dole a zauna tun farko a yanke yadda za a lissafa masu kati. In ba haka ba, ranar babban wasa za a ga rumfa cike, kuɗin ƙofa kaɗan, a fara zargin juna. A rubuta: kowane shafi da aka yaga daidai yake da sefa kaza. Shi ke nan.

Mai Bin Wasannin Turai: Maganar Hajiya ma manyan kulob sun gane ta. A da, Barcelona ta daɗe da tsarin da mai kati ke sakin kujerarsa in ba zai zo ba, kulob ya sayar ya ba shi kaso. Maganar Ɗan Tibiri kuma, a Jamus kulob da yawa tikensu ya haɗa da kuɗin jirgin ƙasa da bas na yankin a ranar wasa. Sannan kada a ɗauka a can ba a kuka da farashi. A watan Fabrairu 2016 magoya bayan Liverpool kusan 10,000 suka fice daga fili a minti na 77, ana wasa da Sunderland, saboda an ce za a kai wasu tike fam 77. Suna gaba da ci 2 da nema lokacin, aka tashi 2 da 2, kuma cikin ƴan kwanaki masu kulob suka janye ƙarin. A shekarar ce kuma aka ƙayyade tiken baƙi a gasar Firimiya kada ya wuce fam 30. A 2020 da korona ta rufe filaye, kulob-kulob sun mayar wa masu kati kuɗin wasannin da ba su kalla ba ko sun cire musu a na gaba, daidai da abin da Baba Ma'aji ya faɗa. Akwai ma waɗanda suka bi wata hanya dabam: Paris FC ta mayar da shiga kyauta daga Nuwamba 2023 tana rukuni na biyu, don ta cika fili.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: Kyauta tana yiwuwa ga wanda ke da kuɗin talabijin da na talla. Mu ƙofar ce ɗan abin da ake gani.

Mai Lissafi: Haka ne. Amma mu koma kan matsalarka ta farko, Alhaji, ta wanda ba zai iya fitar da jika 4 lokaci guda ba, don ita ce ba a warware ba. Ina ganin hanya biyu. Ta farko biya kashi biyu: littafin zagayen farko mai shafi 7, na zagaye na biyu mai shafi 6, kowanne jika 2 ko kusa. Ta biyu ƙaramin littafi mai shafi 5 a kuɗin 4, wato jika 2, ba a ɗaure shi da wani wasa ba, ranar da ka samu sarari ka yaga ɗaya. Wannan shi ya dace da Ɗan Tibiri da duk mai yawan tafiya. Sai dai a rubuta cewa babban wasa shafi biyu yake ci, in ba haka ba kowa zai ɓoye nasa sai ranar jika guda, kulob ya faɗi.

Uwar Ƴan Wasa: Akwai ta uku, adashi. Fada mai mutum 8, kowa ya zuba 500 a mako, kowane mako a sayi kati ɗaya na jika 4. Mako 8 kowa ya samu. Amma a fara wata biyu kafin buɗe gasa, a ajiye kuɗin wurin uwar adashi har jadawali ya fito. In an fara bayan an take wasa, na ƙarshe zai karɓi katinsa wasa 4 sun riga sun wuce.

Ɗan Tibiri: Lokacin sayarwa ma a duba. Oktoba zuwa Disamba, bayan an girbe gero da wake da gyaɗa, kuɗi na hannun mutane. Kada a kawo maganar kati ana shirin Sallah ko komawa lakwal.

Tsohon Ma'aji: Duk na yarda, da sharaɗi ɗaya da ya fi sauran nauyi a wurina. Kuɗin kati bashi ne a wuyan kulob har sai an buga wasan ƙarshe. Miliyan 1 da 600,000 ɗin nan in ta shigo lokaci guda, akwai jarabar a kashe ta wajen sayen ɗan wasa ɗaya, a zo watan Maris ba kuɗin mai na zuwa Zinder, kuma mutum 400 mafi zuwa kallo ba sa ƙara biyan ko dala a ƙofa. A sa kuɗin a asusun banki mai sa hannu biyu, ɗaya na kulob ɗaya na wakilin magoya baya. A kasa shi: kashi ɗaya cikin uku na shirin farko, saura a riƙa fitarwa wata-wata. Kowane mai saye a ba shi rasiɗi mai lamba, a liƙa jimillar katin da aka sayar a ƙofar fili. In mutane suka ga lissafi shekara ɗaya, shekara ta biyu ba sai an roƙe su ba.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: To ni ga matsayina. Littafi mai shafi 5 zan iya ba kowa shawarar ya saya. Na shekara kuwa sai in jika 4 ne ko ƙasa, na mai riƙe da shi ne, da inuwa, da sharaɗin ramuwa a rubuce. Kuma kada a ƙara kuɗin tiken ƙofa don a tura mutane sayen kati. Ɗan makaranta da ɗan kabu-kabu su ke cika ɓangaren rana, su ke kiɗa da ihu, a bar musu farashinsu.

Uwar Ƴan Wasa: Saura tambaya ɗaya. In littafin ya ɓata fa?

Mai Tsaron Ƙofa: In na mai riƙe da shi ne, hukuncinsa hukuncin tsabar kuɗi, Hajiya, sai dai akwai dabara. Kowane littafi da lambarsa a kan duk shafukan, kuma ranar saye an rubuta suna da lambar waya a rajista. Mai shi ya zo da rasiɗi, a soke tsohuwar lambar, a ba masu ƙofa jerin lambobin da aka soke, a ba shi sabo a yage shafukan wasannin da suka wuce. Ya biya kuɗin bugawa, sefa 200 ko 300. Tunda ƙofar masu kati ɗaya ce, duba jerin lamba 10 ko 15 ba zai tsayar da layi ba.